Jelar Rigar Odell

A ƙauyenmu na kudancin Alabama, inda mutum zai yi shekara da shekaru ba ya nan, ya dawo ya tarar da dattawa a bencin da ya bar su suna gardamar da ya bar su suna yi, akwai wani mutum wai shi Odell Sikes. In a hira ne, babu wanda ya kai shi kashe barewa tun daga nan har bakin teku. In a daji ne kuwa, ko zomo bai taɓa sa wa ɗingishi ba.

Shi ɗan Ƙungiyar Maharban Fadamar Tolbert ne, ƙungiyar da ke da doka biyu tun kaka da kakanni. Ta farko, ranar da mutum ya kashe barewarsa ta fari, sai a shafa masa jininta a fuska, ya yini yana yawo da shi yana taƙama. Ta biyu, wanda ya harba ya kuskure, da yamma a zaunar da kotu a sansani, a yanke masa jelar riga, wato ƙasan nan na baya da ake cusawa a wando, a kafa a bango da ƙusa. Baƙo in ya shiga sansanin ya dubi bangon sai ya ɗauka shagon tela ne. Fiye da rabin ƙyallayen na Odell ne. Fuskarsa kuwa ba ta taɓa ganin jini ba sai na reza.

Ya taɓa yin dabara ya zo da singileti. Ya harba, ya kuskure. Baba Purvis, shugaban ƙungiya kuma alƙalinta, wanda shi ne surukin Odell, ya shafa gemu ya ce in babu jelar riga, abin da ke ƙarƙashinta ake yanka. Ranar Odell ya koma gida yana bin shingen mutane da bayansa. Bai sake zuwa da singileti ba.

To ana cikin watan Satumba, zafi bai gama sakin gari ba, sai matarsa Nadine ta fito baranda da riga a hannu. Ta tarar da shi da mahaifinta suna shan shayi mai ƙanƙara.

"Odell, ka gane wannan?"

"Yo ba shuɗiyar da kika ɗinka min lokacin aurenmu ba ce?"

"Ita kaɗai ta rage maka mai jela. Sauran duk, in ka sunkuya a coci, sai mutanen layin baya sun rufe wa 'ya'yansu ido." Ta juya wajen mahaifinta. "Baba, kai ne shaida. In aka yanke wannan, bindigarsa ta koma ɗakinka ka kulle. Shi kuma kowace Asabar ta hunturu yana kicin ɗin coci yana wanke wa matan zumunta tukwane."

Baba Purvis ya kurɓi shayi a hankali. "Na ji, na shaida."

Odell ya ƙyalƙyale da dariya har yana dukan cinya. "Haba Nadine! Ai ni ban taɓa kuskure ba."

"To bango ne ya yi maka sharri?"

"Barewa ce ba ta tsayawa! Ni ina auna daidai inda take, ita kuma sai ta bar wurin. Ina laifina a nan? Amma bana na gano maganinta. Mai cin abinci ba ya gudu. Gonar barewa zan yi."

"Kowa ma yana yi," in ji Baba Purvis. "Ɗan fili a bakin daji, a watsa hatsin ot, a bar shi ya fito."

"Wannan ai wasan yara ne, Baba. Tawa in ta fito, Mai Rassa da kansa zai zo ya nemi kujera."

Mai Rassa wani tsohon namijin barewa ne da ke fadamar, ƙahonsa kamar an kifa masa busasshiyar bishiya a ka. Kowane ɗan ƙungiya ya taɓa hango shi, babu wanda ya taɓa samun ko gashinsa. Kafin rana ta faɗi Odell ya je shagon iri ya sanar da duk wanda ke da kunne cewa ranar buɗe farauta Mai Rassa zai kwana a bayan motarsa. Har ya auna bangon falo ya cire hoton aurensu don a sami wurin rataye ƙaho.

Filin da ya zaɓa yana bayan gidansa, ya gangara zuwa fadama. Ta sama yana maƙwabtaka da lambun kabejin Nadine, ta dama da shingen Gwaggo Ozella mai awaki, ta hagu kuwa in ka tsallaka hanya ga coci. Ya ari taraktar surukinsa ya yi huɗa. Ya huɗe filin tas, ya haɗa da igiyar shanyar Nadine da kayan da ke kanta, sannan ya mayar da taraktar bai ɗaga garma ba, ya huɗe wa ƙauye hanya tun daga gidansa har ƙofar Baba Purvis.

Ya kawo ot, ya kawo alkama, ya kawo wake, ya cakuɗa su a baho ya bi fili yana watsawa kamar mai liƙi a gidan biki. Ɗan kawunsa Elbert, wanda tun suna yara ba shi da sana'ar da ta wuce tsokanarsa, yana jingine da shinge yana taunar tsinke.

"Sarkin Baka, ba za ka rufe irin da ƙasa ba?"

"In rufe don me? Ita barewa in ta zo ta ga fili wayam, wa zai gaya mata akwai abu a ciki? Talla nake yi."

Tallar kuwa ta karɓu. Da gari ya waye filin ya yi baƙi ƙirin. Talotalon daji sun zo da iyalansu, hankaki sun gayyato dangi, kurciyoyi har daga wata gunduma. Odell ya fito da gajeren wando yana kaɗa murfin tukunya yana ihu, tsuntsayen suka matsa gefe suka ba shi hanya, ya wuce, suka ci gaba da kalaci. Kafin azahar ko ƙwaya ɗaya babu.

"Ka buɗe gidan abinci ba ka gaya mana ba," in ji Elbert.

"Gwaji ne. Na tabbatar irin mai kyau ne. Ka ga wanda ya bar saura?"

Ya sake sayo iri, wannan karon ya rufe. Sai dai ya ji a shago ana cewa takin kaji yana sa ot ya yi kore, shi kuma Odell bai san kaɗan ba a rayuwarsa. Ya je gidan gonar kaji ya sa aka loda masa tifa guda, ɗanye sharaf, wanda zai ishi gona goma irin tasa. Aka juye masa ranar Asabar. Washegari Lahadi ce ta taron shekara na coci, ranar da duk wanda ya yi ƙaura yake dawowa gida, a jera tebura a ƙarƙashin itatuwa, a cika su da soyayyar kaza da burodin masara da tarwaɗa.

Ana idar da sujada iska ta juya.

Fasto, wanda in ya fara addu'ar cin abinci sai miya ta huce, ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Ubangiji, mun gode," ya shaƙi numfashi zai ci gaba, ya tsaya, idanunsa suka kawo ruwa, ya ce, "Amin." Tun da aka gina cocin ba a taɓa yin addu'a gajera haka ba. Mutane suka kwashi faranti suka ruga cikin motoci suka ɗaga gilashi. Ƙudaje kuwa suka zauna a tebura kamar su aka gayyata.

Gwaggo Ozella, tsohuwa mai sanda da baki kamar almakashi, ta toshe hanci da hankici ta nufo shi.

"Kai ɗan nan, me ya mutu a bayan gidanka?"

"Ba abin da ya mutu, Gwaggo. Ƙamshin arziki ne."

"To ka kwashe arzikinka ka kai ɗaki. Bunsuruna Sanata, da duk garin nan ake gudun warinsa, yau shi ne ya shige ɗakina yana neman mafaka."

Aka yi ruwan sama, wari ya lafa. Tsakiyar gonar ta ƙone ƙurmus saboda yawan taki, amma gefe-gefe ot ya fara ɗago kai. Odell yana fita kullum da safe yana gaishe shi. Ran nan ya fita ya tarar an birkice gonar kamar an yi yaƙi, rami nan, tudu can. Ya ruga ya kira Elbert yana haki.

"Zo ka gani! Mai Rassa ya zo! Dubi yadda ya tona ƙasa da ƙaho don ɗoki!"

Elbert ya sunkuya ya dubi sawu, ya dubi kashi. "Mai Rassa ya haihu ke nan. Ga sawun 'ya'yansa nan kusan dozin, kuma duk da gajerun ƙafafu. Aladun daji ne, Sarkin Baka."

Abin da aladu suka rage, Sanata ya tsallako shinge ya ƙarasa. Odell ya kama shi da igiya ya ja shi gidan uwar ɗakinsa, ko kuma a ce Sanata ya ja Odell, don shi ne a gaba.

"Gwaggo, bunsurunki ya cinye min gona!"

"Ba don dabbobi ka shuka ba?"

"Don barewa na shuka!"

"Ka rubuta a jiki? Yana da ƙaho, yana da kofato, ya ga ciyawa. Ka sakar min yaro kafin ka koya masa ƙarya."

Nan Odell ya yi rantsuwa babu mahaluƙin da zai sake cin guminsa. Ya yi shuka ta uku. Ya kafa turaku sun fi shi tsawo, ya zagaye gonar da waya layi-layi tun daga ƙasa har sama, ya ja igiyar lantarki daga rumfar bayan gida, ya cusa a soket ɗin da ke kusa da na firizar Nadine. Don ya tabbatar tana aiki sai ya taɓa da yatsa. Gwaggo Ozella ta ce ihun da ya yi har kajinta suka daina ƙwai.

Wannan karon gona ta yi kyau, ba ƙarya. Ot ya fito kore shar, alkama ta bi bayansa, wake ya yaɗo. Mutane suna tsayar da mota a hanya suna kallo. Alade bai shiga ba, Sanata bai shiga ba, talotalo sai dai su leƙa. Odell ya gina ɗakin kwanto a cikin gonar, ɗan akurkin katako a kan dogayen ƙafafu huɗu da tsani, ya kafa shi a tsakiya inda taki ya fi laushi don ya fi sauƙin haƙa. In iska ta kaɗa sai ɗakin ya riƙa rangaji kamar ɗan maye. Ya ce da gangan ne, don barewa ta ɗauka bishiya ce.

Sai dai akwai wadda ita ma ba ta shiga ba. Barewa takan fito daga fadama da sassafe ta shaƙi ƙamshin ot, ta kai hanci, waya ta gaishe ta, ta yi tsalle ta zagaya ta sama. A sama kuwa babu komai sai lambun Nadine, ba shinge, ba lantarki.

"Odell, ana cinye min kabeji."

"Zomo ne."

"Zomon da ke barin sawu kamar na maraƙi?"

"Zomayen bana sun ƙoshi."

"Zomon da ya goge ƙaho a jikin itacen ɓaurena har ya saɓule masa ɓawo?"

"Nadine, don Allah ki bar ni da ƙananan maganganu. Ina da babban aiki a gabana."

Baba Purvis ya zo ya zagaya gonar yana tafe da hannu a baya. Ya dubi waya, ya dubi ƙasa, ya dubi surukinsa.

"Odell, gona ta yi. Amma ta ina barewar za ta shiga?"

"Yauwa Baba, nan ilimin yake! Ƙwalele nake musu. Su gani su kasa ci, su gani su kasa ci, har yawu ya ƙare musu. Ranar buɗe farauta in kashe wuta in buɗe ƙofa. Sai dai in zaɓa in darje."

Baba Purvis ya gyaɗa kai. Da ya koma gida ya ɗauko wuƙar kotu ya fara wasawa.

Ranar Asabar ta buɗe farauta, da asuba, Odell ya sa shuɗiyar riga ya cusa jelarta a wando ya ja bel har yana numfashi da ƙyar. Ya ɗora jar hular maharba, ya saɓa bindiga. Ya biya ta rumfa, ya lalubi bango a cikin duhu-duhu, ya zare fulogi ɗaya daga cikin biyun da ke wurin, ya ji ƙarar wani inji ta tsaya, ya ce madalla. Ya buɗe ƙofar gona da sanda. Sannan ya fito da makaminsa na sirri, kwalbar fitsarin barewa mace da ake sayarwa a shagon iri don janyo namiji. Mai shago ya ce masa ɗigo biyu a reshe ya isa. Odell ya juye rabi a takalmansa, rabi a hula. Rigar kaɗai ya tsallake, don ya san wadda ta ɗinka.

Ya hau tsani, ɗaki ya yi rangaji ya tsaya. Ya zauna ya leƙa bindiga ta taga. Gari yana wayewa, raɓa tana sheƙi a kan ot. Can sai ya ji kofato, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai dai sawun ba ta gaba yake zuwa ba, ta baya ne, kuma kamar yana hawowa sama. Ya waiwaya. Ga gemu, ga ƙaho, ga idanu rawaya cike da ƙauna.

"Sanata! Kai, sauka! Tafi gida!"

Sanata bai zo don ya koma ba. Ya shigo ɗakin, wanda ko mutum ɗaya da ƙyar yake ɗauka, ya sunsuni takalmi, ya ɗaga leɓe sama ya yi wata irin ƙara, ya fara lasar hula tana kan mai ita.

"Wallahi ni ba sa'arka ba ne. Ina da aure. Matsa!"

Suna cikin wannan kokawa ta raɗa-raɗa, Odell ya ɗaga ido ta taga. Ga Mai Rassa tsaye a ƙofar gona, rana tana fitowa ta bayan ƙahonsa. Ya sa ƙafa ɗaya ciki. Ya sunkuya ya yagi ot. Ya tsaya cak yana tauna, kamar yadda Odell ya faɗa tun a watan Satumba.

Odell ya ture bunsuru da gwiwar hannu, ya kafa bindiga a kafaɗa, ya sunkuya ya auna. Sanata kuwa, da ya ga an juya masa baya an yi watsi da soyayyarsa, ya ja da baya iyakar faɗin ɗakin, ya sunkuyar da kai, ya kai wa mazaunai karo.

Ƙau! Harsashi ya tafi gaida gajimare.

Ɗakin kwanto ya yi rangaji dama, ya yi hagu, ƙafa biyu suka nutse a taki, ya tafi luuu da mutum da bunsuru da bindiga, ya kwanta a kan shinge. A nan ne Odell ya gano cewa fulogin da ya zare na firiza ne. Waya ta kama shi ta cinya, ya yi ihu. Ta kama Sanata, ya yi nasa. In Odell ya kama bunsuru don ya tashi, wuta ta bi ta jikinsu duka biyu, in ya saki ya koma kan waya. Mai Rassa ya dube su, ya ƙara yagar ot ɗaya na guzuri, ya juya ya haura ta sama yana tsalle.

Ba a jima ba aka ji wata bindiga ta tashi daga wajen gida. Odell bai kula ba, yana ta kansa.

Maharban da ke kusa suka taho da gudu, Elbert a gaba. Gwaggo Ozella ta iso tana dogara sanda tana kiran yaronta. Suka tarar da Odell ya rarrafo daga ƙarƙashin katako, hula babu, takalmi ɗaya, wando a yage, gashi a tsaye. Amma hannunsa na dama yana baya, ya dunƙule jelar riga gam. Ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

"Sarkin Baka, ina naman?"

"Ya tafi da harsashi a jikinsa. Yanzu haka ya faɗi."

"In a sama yake tafiya, to ka same shi," in ji Elbert.

Ba a jira yamma ba, aka zaunar da kotu da hantsi, don babu mai iya komawa farauta da dariya a ciki. Sansani ya cika, har da waɗanda ba 'yan ƙungiya ba. Baba Purvis ya hau kan kututture, wuƙa a cinya. Aka tsayar da Odell a tsakiya, jama'a suka ja baya saboda warin takalminsa.

"Odell Sikes, ka harba?"

"Baba, bindiga dai ta tashi."

"A hannun wa?"

"A hannuna take, amma ba ni na harba ba. Sanata ne. Shi ya kamata a yanke wa jela."

"Ka taɓa min wutsiyar yaro ka gani!" in ji Gwaggo Ozella. "Shi da ka yaudara da turare? Ga shi can a gida ya ƙi cin abinci, sai kallon hanya yake yi."

Sansani ya ɗauki ihu. Baba Purvis ya ɗaga hannu.

"Ka ga barewa?"

"Na gani, Baba. Mai Rassa da kansa. Kuma ya tsaya! Ku shaida, ya tsaya yana ci. Ilimina bai faɗi ba."

"Ya tsaya, ka harba, ya tafi da ƙafafunsa. Juyo."

"Baba, ka dubi zumunci. Rigar auren 'yarka ce. Ka yanki wando, na yafe."

"Wandon ai bunsuru ya riga kotu. Elbert, riƙe shi."

Wuƙa ta bi shuɗin yadi, ƙyarrr, iska mai sanyi ta bugi bayan Odell. Baba Purvis ya ɗaga ƙyallen sama ke nan sai aka ji hon. Motar Odell ce a-kori-kura ta shigo sansani tana tangal-tangal, Nadine a sitiyari, da rigar girki a jikinta. A baya kuwa ga wasu rassa sun leƙo sun fi faɗin motar. Fasto ne zaune kusa da su, shi ya taya ta lodi.

Nadine ta fito ta rufe ƙofa.

"Na ji firiza ta yi shiru, na fita in ga wane mai hankalin ne ya zare min fulogi. Sai ga zomon Odell a tsakiyar lambuna da kabeji a baki. Na koma na ɗauko tsohuwar bindigar Mama a bayan ƙofa."

"Ya gudu?" in ji Elbert.

"Ina fa. Ya tsaya yana ci."

Odell ya yi tsalle da takalmi ɗaya. "Kun ji ko! Kun ji da kunnenku! Mai cin abinci ba ya gudu! Kuma wa ya koro mata shi? Gonata ce ta kira shi, wayata ta koya masa hanyar lambu, harbina ya tura shi. Baba, a duba jikinsa, na rantse akwai harsashina."

Aka juya Mai Rassa dama, aka juya shi hagu. Huda ɗaya ce tak. Elbert har cikin kunne ya leƙa don a yi wa ɗan'uwansa adalci.

Baba Purvis ya tsoma yatsu a jini ya shafa wa 'yarsa a kumatu da goshi, maharba suka cire huluna suna tafi. Nadine ta tsaya ta bari aka gama, sannan ta yatsine fuska.

"To ya isa, ina da girki a kan wuta. Wa ke da tsumma?"

Babu tsumma a kusa sai wanda ke hannun alƙali. Ta karɓa, ta juya shi, ta gane ɗinkinta. Ta dubi mijinta, ta goge fuska tas da jelar rigar, ta miƙa wa mahaifinta. Aka kafa ta a bango, a can sama, jajawur da jini. Bindigar Odell ta tafi ɗakin Baba Purvis. Shi kuwa ɗakin kwanton Baba Purvis na bakin fadama, wanda ya fi na kowa kyau, aka ce na Nadine ne duk ranar da ta ga dama. Ƙahon kuwa an rataye shi a falo, daidai inda Odell ya auna.

Hunturun nan kaf, kowace Asabar, yana kicin ɗin coci da kumfa har gwiwar hannu, in ya sunkuya ɗaukar tukunya matan zumunta su kau da kai. Gonar ot kuwa Sanata da iyalinsa suka yi kiwo a cikinta har bazara.

Amma in baƙo ya zo ƙauyen, kafin ya sha ruwa Odell ya ja shi sansani. Ya tsayar da shi gaban bango, ya wuce sauran ƙyallayen kamar bai san mai su ba, ya nuna shuɗin nan na sama.

"Ka ga wancan jinin? Na Mai Rassa ne, barewar da ta gagari maza. Tambayi kowa a garin nan, har Fasto." Sai ya gyara bel, ya rage murya. "To yanzu tambaye su rigar wa ce."